Rumana mai jure ɗari: inda ake samunta da yadda ake shibka ta

Da damana, a dajin da ruwa ya wadata, akwai wata ciyawa mai dogon ganye da ke fitowa cikin haki. Ganyenta siriri ne, mai tsini, kamar takobi. In ta girma sai ta fid da kara guda. Furanni su jeru bisa karan, daga ƙasa zuwa sama, ja da ruwan ɗorawa. Hausawa suna ce mata rumana. Masu maganin gargajiya sun san ta, don suna haƙo kanta da ke cikin ƙasa. Ana samunta daga Senegal har Habasha, daga arewacin Najeriya har Afirka ta Kudu.

Wannan rumana ta daji tana da ƴan uwa a garaken Turai da Amurka da Indiya. Can ba magani ake yi da ita ba. Furenta ake so. Ana yanke karan, a ɗaure goma-goma, a kai kasuwa. Mai saye ya sa cikin kwalba da ruwa ya ƙawata ɗakinsa, ko ya kai wurin biki, ko ya kai wa marar lafiya. Faransawa suna ce mata galayel. Bisa takardar masu sayar da iri kuma ana rubuta Gladiolus. Kalmar ta fito daga Latin, tsohon harshen Rumawa. Ma'anarta ƙaramin takobi.

Rumana iri-iri ce. Masana sun ƙirga wajen iri 300 na daji. Mafi yawansu a Afirka suke, musamman kudancinta. Kaɗan ne ƙwarai, wajen 10, suke a Turai da gabas ta tsakiya.

Kan rumana ba albasa ba ne

Abin da ake shibkawa ba tsaba ba ce. Kai ne, mai kama da kan albasa, da busasshen ɓawo a bayansa. Amma in an yanka albasa, ana ganin ɓawo bisa ɓawo har tsakiya. In an yanka kan rumana, cikinsa dunƙule yake kamar gwaza. Wannan kai shi ne rumbun shibkar. A ciki take ajiye abincinta.

Kan da aka shibka bana ba ya kaiwa baɗi. Yana ba ganye da fure abincinsa duka, ya motse, ya mutu. Sabon kai ya fito a bisansa. Gefen sabon kuma sai ƙananan ɗiya su fito, kamar aya. Wani kai ya ba da biyar, wani ya ba da ashirin ko fiye.

Kowace rumana tana da lokacin aiki, tana da lokacin barci. Ta daji tana aiki da damana. In kaka ta yi, ganye ya bushe, wuta ma ta ci dajin, kai yana nan kwance cikin ƙasa yana barci. Ba ya motsi sai ruwan fari ya sauka. Wanda ya gane wannan barci ya gane rabin noman rumana. Duk maganar jure ɗari a kansa take: shin kai zai iya yin barcinsa cikin ƙasa lafiya, ko sai an fid da shi?

Me ake nufi da jure ɗari?

Hunturun Turai da arewacin Amurka ba irin na Maraɗi ko Damagaram ba ne. Ruwa yana daskarewa in ma'aunin zafi ya sauka digiri 0. Can kuwa yana sauka ƙasa da haka, ya yi wata uku ko huɗu. Ƙasa kanta takan daskare, ta yi tauri kamar dutse, zurfin taƙi ko fiye. Kan rumana cike yake da ruwa. In sanyi ya kai gare shi, ruwan cikinsa ya zama ƙanƙara, ya fasa namansa. Ran da ɗumi ya komo, sai a tarar ya ruɓe.

Saboda haka manoman fure na can suna da aikin da ba ya ƙarewa. Kowace shekara, kafin ɗari, su haƙe kawuna duka. Su shanya, su tsabtace, su ajiye a ɗaki. In ɗari ya wuce su sake binnewa ɗaya-ɗaya. Mai kai ashirin ba ya jin nauyin wannan aiki. Mai dubu biyar yana ji a bayansa. Shi ya sa suke neman irin da za a shibka sau ɗaya, a bar shi, ya dinga fitowa da kansa kowace shekara. Shi ake ce wa mai jure ɗari.

Rumana mai manyan furanni, wadda ta cika kasuwa, tana iya kwana cikin ƙasa in sanyin wurin bai wuce wajen digiri 10 ƙasa da sifiri ba. Mai jure ɗari tana kaiwa digiri 15 ko 20 ƙasa da sifiri. Amma da sharaɗi. Sai an binne ta da zurfi, santimita 15 zuwa 20. Sai an rufe wurin da haki ko busasshen ganye, kamar an lulluɓe shi da bargo. Sai kuma ƙasar ta zama mai tsane ruwa. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci. Kan da ke kwance cikin busasshiyar ƙasa yana jure sanyi mai yawa. Wanda ke cikin laka mai danshi yana ruɓewa ko sanyin bai kai haka ba.

Waɗanne ne masu jurewa?

Ta farko ana rubuta sunanta byzantinus. Asalinta ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne: kudancin Sipaniya, da Sisili, da Maroko, da Aljeriya. Furenta ja ne mai duhu, ya karkata wajen shuni. Tsawonta bai cika wuce santimita 90 ba. Ita wannan ta saɓa wa sauran. Da kaka ake binne ta. Ta kwana cikin ɗari, ta fid da ganye, ta yi fure cikin watan Mayu ko Yuni, sa'an nan ta yi barci lokacin zafi. A wasu ƙananan tsibirai na kudu maso yammacin Ingila, da ake ce wa Sili, an taɓa noma ta don sayarwa. Daga baya manoma suka koma ga wasu furanni. Ita kuwa ta ƙi tashi. Tana fitowa a gefen gonaki da gindin shinge ba wanda ya shibka ta. Yaran wurin suna busa ganyenta, yana kuka kamar usur.

Ta biyu ita ce abin mamaki. Sunanta a takarda dalenii. Ba kowa ba ce face rumanar dajin Afirka. Mai karatu zai ce, ina ciyawar ƙasar rana ta san ƙanƙara? To, wannan iri ba a ƙasa mai zafi kaɗai yake ba. Yana fitowa har bisa manyan duwatsun Afirka ta Kudu. Can hunturu yana da sanyi ƙwarai, raɓa tana daskarewa, amma ba a ruwan sama a lokacin. Kai ya saba kwana cikin ƙasa mai sanyi, busasshiya. Da aka kai shi ƙasashen ɗari, sai wannan sabo ya yi masa rana.

Akwai kuma ƙanana da ake rubuta wa nanus. Waɗannan ba na daji ba ne, haɗi ne. Gajeru ne, furanninsu ƙanana, fari ko ja-ja, da ɗigo a leɓe. Masu shirya furanni suna son su don ba su da nauyi. Sai papilio, ita ma daga Afirka ta Kudu. Furenta ba ya da haske sosai, amma tana yaɗuwa cikin ƙasa da sauri, kuma ɗari bai cika kashe ta ba.

Yadda ta daji ta zama ta kasuwa

Turawa sun fara kwasar rumana daga kudancin Afirka tun fiye da shekara 250. Suka shiga haɗa iri da iri. Ana ɗaukar garin furen wannan a shafa wa furen wancan, kamar yadda masu dabino ke kai furen namiji ga mace. Tsabar da ta fito sai ta ɗauko halin uwa da na uba.

A 1823, a garkar wani mai sayar da shibke-shibke da ake kira Colville, a birnin Landan, aka haɗa iri biyu na Afirka ta Kudu. Daga irin wannan haɗi ƙananan nan suka samo tushe. Cikin shekarun 1820 ɗin nan ne dalenii ta iso Holan. An sa mata sunan wani likita, Cornelius Dalen, mai kula da garkar shibke-shibke ta birnin Rotterdam. A 1837 wani mai aikin garka a Beljik, Bedinghaus, ya haɗa ta da wani iri. A 1841 Louis van Houtte na birnin Gand ya fara sayar da abin da ya fito. Dogaye ne, masu manyan furanni. Su ne kakannin mafi yawan rumanar da ake sayarwa a duniya. Wajen 1880 Victor Lemoine na birnin Nansi a Faransa ya shigo da jinin papilio, aka sami waɗanda suka fi jure sanyi. A farkon shekarun 1900 kuma aka kawo wata mai ruwan ɗorawa daga bakin babban gangaren ruwa na kogin Zambezi. Ita ma dalenii ce. Daga gare ta launin ɗorawa da na lemo suka ƙaru.

Masu haɗin nan girman fure da kyan launi suka sa gaba. Tun da kowace shekara ana haƙe kawuna a kai ɗaki, ba wanda ya damu ko za su iya kwana waje. Haka aka sami fure mai faɗin tafin hannu, amma ba shi da ƙarfin kakarsa ta daji. Makiyayi ya san irin wannan: saniyar da aka zaɓa don nono kaɗai ba ita ke jure tafiyar rani ba.

Ina ake samun iri na gari?

Holan ce babbar kasuwar kawunan fure a duniya. Daga can ake aika su ƙasashe da yawa cikin buhunan raga da kwali. Mutanen Holan suna da wata al'ada ma. Kowane watan Yuli ana tafiyar ƙasa ta kwana huɗu a birnin Nijmegen. Ranar ƙarshe jama'a su tsaya bakin hanya suna miƙa wa matafiya furen rumana.

Amma masu jure ɗari na ƙwarai ba daga manyan kamfanoni aka fi samo su ba. Da yawa a kufai aka tsinto su. A jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, akwai wani gari bisa duwatsu da ake kira Boone. Kusa da shi aka ga wata rumana mai launin lemo-lemo tana fure a wani tsohon gida da aka bari. Ba mai ba ta ruwa, ba mai haƙe ta, shekara da shekaru. Aka ɗebo ta, aka yaɗa, aka sa mata sunan garin. Da aka duba, jinin dalenii ce. Hikimar a fili take. Shibkar da ta rayu ita kaɗai a wuri, ba mai kula da ita, ta riga ta ci jarrabawar wurin. Shaidarta ta fi ta takarda.

Takarda kuwa tana ruɗi. An sha sayar wa mutane wata rumana da sunan byzantinus, alhali ba ita ba ce. Ƴar uwarta ce, italicus, wadda ke fitowa kamar haki a gonakin alkama na bakin Bahar Rum. Furenta ƙarami ne, launinsa koɗaɗɗe. Mai saye ba ya ganewa sai bayan wata shida, ran da fure ya buɗe. Saboda haka masu wayo suna saye wurin wanda ya noma da hannunsa, a ƙasa mai yanayi irin nasu. Ko su roƙi maƙwabcin da suka ga tasa tana fure.

Ko ina za a saya, a duba kai da kyau. A matsa shi da yatsa. Ya zama mai tauri, mai nauyi. A ɗaga ɓawon kaɗan. In akwai baƙin tabo, ko laushi, ko fumfuna, a bar shi. Mai tudu a sama ya fi mai faɗi da ya baje kamar faifai, don mai tudu saurayi ne, mai faɗi ya tsufa. Masu sayarwa suna auna kewayen kai da santimita, su rubuta 10/12 ko 12/14. Waɗannan su ke ba da dogon kara mai furanni da yawa. Ƙanana ƙwarai ganye kaɗai za su yi a shekarar farko.

To, mai garka a Nijar fa?

A kudancin Nijar ƙasa ba ta daskarewa. Sai can bisa duwatsun Abzin da wajen Bilma ne ruwa kan daskare wasu darare. Cikin Disamba da Janairu, a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, dare yakan sauka wajen digiri 12 zuwa 16. Ga rumana wannan ba ɗari ba ne, daɗi ne. Abin da ta fi so shi ne tsakanin digiri 10 da 25. Abokin gabarta a nan shi ne zafin bazara, lokacin da ma'auni ke wuce 40.

Ke nan wanda ya ƙara kuɗi don an rubuta "mai jure ɗari" bisa kwali, ya sayi bargo cikin watan Afirilu. Byzantinus ma asara ce gaba ɗaya, don tana bukatar dogon sanyi kafin ta yi fure da kyau. Abin da ya dace da nan shi ne manyan nan na kasuwa, da masu jinin dalenii. Sai a juya lokacin. Turawa suna shibkawa in ɗari ya wuce. A nan sai a shibka in ɗari zai shigo. Haka manoman Indiya da Pakistan da Masar suke yi, su da ke da zafi irin na nan. Suna binnewa da kaka, su yanka cikin hunturu.

Amma kafin a haƙa rami ko ɗaya, a nemi mai saye. Fure ba hatsi ba ne. Ba a ci, ba a zubawa rumbu. In an yanke, kwana bakwai zuwa goma ya ƙare. Masu sayensa suna birni: otal-otal, masu shirya wurin biki, ma'aikatu, da masu sayar da shibke-shibke a bakin hanya. Wanda garkarsa ke kusa da babban gari, yana da hanyar mota, shi zai iya gwadawa. Wanda ke nesa, albasa da kabeji da tumatir sun fi masa. Ko na kusa ma kada ya tuge abinci ya sa fure. Ya ware fangali ɗaya ya gani tukuna.

Yadda ake shibkawa

A zaɓi wuri mai rana tun safe har la'asar. Rumana ba ta fure a inuwa. Ƙasa ta zama jigawa mai ɗan ƙarfi, wadda ruwa ba ya kwana bisanta. In laka ce, a ɗaga fangali, a gauraya da rairayi. A sa taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin dabba yana ruɓar da kai. In za a sa takin zamani, 15-15-15 ya isa, cikin hannu ɗaya ga kowace mita ta fangali. Kada a cika farin taki, wato ure. Yana sa ganye ya yi yawa, kara ya yi laushi, cuta ta shiga.

Lokacin binnewa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa farkon Disamba. Ga lissafin. Daga binnewa zuwa fure kwana 70 ne zuwa 100, gwargwadon iri. Wanda ya binne ran 1 ga Nuwamba zai yanka wajen ƙarshen Janairu. Wanda ya jira har ƙarshen Disamba, furensa zai buɗe cikin Maris, zafi ya ƙone shi. Kuma kada a binne duka rana ɗaya. A raba kashi uku, tsakanin kowane kashi sati biyu. In ba haka ba, furanni su zo gaba ɗaya, mai saye ya ɗauki kaɗan, saura su lalace a hannu.

Zurfin rami santimita 10 zuwa 15, wato rabin taƙi ko ɗan fiye. A jigawa a ƙara zurfi, don kara ya sami gindin tsayawa. Tsini ya dubi sama. Tsakanin kai da kai santimita 15, tsakanin layi da layi 30. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana ɗaukar layi uku, kowane layi kai 20. Kai 60 ke nan. Kowane kai yana ba da kara ɗaya, wani lokaci biyu.

A ba da ruwa bayan binnewa, amma kada a jiƙa ƙasa sharkaf kafin tsiro ya fito. In ganye ya kai uku, a nan ne fure ke fara haɗuwa can cikin gindi, inda ido ba ya gani. Daga wannan lokaci har yanka, ƙishirwa haramun ce gare ta. In ta sha ƙishi a nan, za ta yi ganye kore shar, amma ba kara. A zuba ruwa a gindi, da safe. A shimfiɗa haki bisa ƙasa don danshi ya daɗe.

Iskar hunturu tana kayar da ita, don kara yana kaiwa mita ɗaya ko fiye, ga nauyin fure. A yi shingen kara ta gabas da arewa. In shibka ta kai taƙi, a tara mata ƙasa a gindi. A kafa sanduna a bakin layi, a ja igiya ta kowane gefe. Karan da ya faɗi ya tanƙware ba mai sayensa.

Babban ɓarawonta wasu ƴan ƙwari ne sirara, da ƙyar ido ke ganinsu. Dangin waɗanda ke sa ganyen albasa fari-fari ne, manoman Galmi sun san su. Suna ɓuya cikin kuben ganye da cikin tohon fure, suna tsotsa. Ganye ya yi zane-zane kamar azurfa, fure ya ƙi buɗewa. Kada a sa rumana jikin fangalin albasa. Ruwan ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, yana rage su in an fesa da wuri. In sun yi yawa a nemi malamin gona. Shibkar da ta yi ɗorawa tun tana ƙarama, gindinta ya ruɓe, a tuge ta da ƙasarta a ƙone. Cutar tana zama cikin ƙasa, don haka kada a maimaita rumana a wuri ɗaya sai bayan shekara uku ko huɗu.

Yanka

Furanni suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama, ɗaya bayan ɗaya. Ba a jira su buɗe duka. In na ƙasa ɗaya ko biyu sun nuna launi, lokaci ya yi. Saura za su buɗe a gidan mai saye. A yanka da sassafe, da wuƙa mai kaifi, a karkace. A bar ganye huɗu ko fiye bisa gindi. Wannan ganye shi zai ciyar da sabon kai. Mai kwaɗayin dogon kara, wanda ya yanke har ganye, ya sayar da furen bana ya kashe irin baɗi.

Da an yanka a tsoma cikin bokiti mai ruwa, a kai inuwa. Kara ya tsaya tsaye koyaushe, har cikin mota. In an kwantar da shi, kansa yana ɗagowa sama cikin ƴan awoyi, ya lanƙwashe, ba ya miƙewa kuma. A gaya wa mai saye ya sauya ruwa bayan kwana biyu, ya datse gindin kaɗan, ya cire furen ƙasa da ya yanƙwane.

Haƙa da ajiya

Bayan yanka a ci gaba da ba da ruwa kaɗan-kaɗan har sati shida ko takwas. A lokacin ne sabon kai ke cika. In ganye ya fara ɗorawa a daina ruwa, a haƙe a hankali. A yanke ganyen dab da kai. A shanya a inuwa mai iska, sati biyu zuwa uku. Sa'an nan a ɓamɓare tsohon kai da ya motse a ƙasa, a jefar. A ware masu tabo. A tara ɗiya daban.

A nan ne wahalar take. Kan da aka haƙe cikin Maris sai ya jira har Oktoba, wata bakwai, cikin zafin bazara da danshin damana. Sabon kai ba ya tsira ko an binne shi, sai ya yi barcin wata biyu ko uku. Sanyi ne ke tashe shi da kyau, ya sa duka su tsiro tare. Manoman Indiya suna kai nasu manyan ɗakunan sanyi, wajen digiri 4 zuwa 5, su ɗauko in lokacin shibka ya kusa. Wannan sanyi yana kashe ƴan ƙwarin nan ma da suka ɓuya cikin ɓawo. Mai kai kaɗan yana iya sa su cikin buhun takarda, a ƙasan firiji inda ake sa ganye. Ban da wurin ƙanƙara. Ban da leda kuma, don tana tara gumi.

Wanda ba shi da firiji sai ya yi kamar ajiyar albasa a rudu: inuwa, iska, nesa da ƙasa, kai bai hau kai ba. A dinga dubawa ana fid da ruɓaɓɓu. Za a yi asarar wasu, wasu kuma za su tsiro kafin lokaci. Duk inda aka ajiye, a nisanta da yara da dabbobi, kuma kada a haɗa da albasar miya. Kan rumana ba abinci ba ne, yana ɓata ciki.

Wannan juyin lokaci yana shafar saye ma. A Turai ana fid da kawuna kasuwa daga Fabrairu zuwa Mayu, daidai shigowar zafi a nan. Wanda ya aika a sayo masa a lokacin, sai ya tanadi wurin sanyi, ko ya nemi mai sayarwa da ke ajiye su don shibkar kaka.

Ɗiyan nan masu kama da aya su ne hanyar yawaita iri ba da kuɗi ba. Ɓawonsu yana da tauri. A jiƙa su cikin ruwa kwana ɗaya ko biyu, a shibka a layi kamar wake, zurfin santimita 4 ko 5. Shekarar farko ganye siriri kaɗai za su yi. A haƙe, a ajiye, a sake binnewa. A shekara ta biyu ko ta uku su kai girman yin fure, launinsu daidai da na uwarsu.